Shafar da Goggo Ta Sani

Goggo ta zo gidanmu na Dubeli a shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka yi ta kwararowa Jimeta, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa. Ƙanwar mahaifin maigidana ce. Kafin nan sau biyu na taɓa ganinta, a bikina da kuma sunan 'yata ta fari, kuma na riƙe ta a raina a matsayin mace mai tsabta da ƙamshin man shanu. Ranar da ta yi mana sallama kuwa sai da na dube ta da kyau kafin na gane ta. Ƙafafunta sun kumbura, mayafin da ke kanta ma wata ce ta ba ta a hanya. Abu ɗaya ta fito da shi daga gidanta, wata 'yar ƙaramar waya mai madannai da ta ɗaure a gefen zani.

Na kawo mata ruwa. Ba ta karɓa ba, sai ta kwance gefen zanin ta miƙo mini wayar.

"Amarya, kuna da wuta? Sa mini shi ya ci."

Amarya take ce mini har yau, ni da 'ya'yana huɗu.

Sai da ta ga wayar ta kama caji sannan ta sha ruwan, ta kuma ba mu labari. Ɗanta na fari, wanda shi kaɗai ne namiji, shi ya ɗora ta a mota ranar da 'yan bindiga suka shigo garinsu. Ya ce zai koma ya kwance dabbobin da ke ɗaure kada ƙishirwa ta kashe su, sannan ya biyo ta. Ya ce mata ta riƙe wayarta da kyau, zai kira ta ko daga ina ne. Shi ya saya mata layin tun farko, lambar tana cikin kansa, ya haddace ta. Tun daga ranar tasa wayar take a kashe.

Goggo Bafillatana ce ta asali, ba ta kama sunan ɗan fari ko da a bayan idonsa. "Hammanku" take ce mana, wato yayanku. Hammanku zai kira. Hammanku bai san lambar kowa ba sai tawa. Maigidana ya zaga makarantu da filayen da aka sauke 'yan gudun hijira, ya je asibitoci, ya tambayi direbobi a tasha. Babu wanda ya ce ya gan shi da rai, babu kuma wanda ya ce ya ga gawarsa. Sai ya zama duk abin da ya rage tsakanin Goggo da ɗanta shi ne wannan layi.

Ba ta karatun boko, amma ta san wayar nan fiye da yadda na san tawa. Rubutun madannan duk ya goge, bai dame ta ba, don da babban yatsa take gani. Na hagu a sama shi ne ɗauka, na dama kashewa. Ko tana cikin aljihun ɗan tofi, da ta yi ƙara yatsanta ya riga ya isa wurin. Kowane kira take ɗauka. Masu ɓatan lamba, 'yan damfara, har muryar nan ta kamfani mai tallan waƙa, sai ta saurare ta har ƙarshe ko da wani zai yi magana a bayanta. Wata rana na ji tana yi wa wani ɗan damfara nasiha da Fillanci, shi kuma yana ta ce mata ta karanto masa lambar da aka turo.

Idan aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, sai in kai wayar gidan maƙwabciyarmu, wata malamar firamare daga wajen Numan da muke kira Madam, don suna da janareta. Goggo ba ta yarda wayar ta tafi ita kaɗai. Takan bi ni ta zauna a barandar Madam har batir ya cika. Madam ta kawo mata gyaɗa ta ce, "Mama, God go do am. Zai kira, muna sa shi a addu'a a coci." Goggo ta ce amin, usoko, wato na gode, ta ci gaba da kallon wayar.

Shekaru suka wuce a haka. Hanya ta buɗe, mutane da yawa suka koma gida. Goggo ma ta je sau ɗaya, ta tarar da gidan babu rufi, ta dawo mana. 'Yata ta fari da take goyawa idan na shiga kicin ta gama sakandare. Wayar nan kuwa ta tsufa, aka ɗaure bayanta da roba, aka canza mata batir ban san sau nawa ba. Ranar da wayar ta mutu ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma ruwa ta sha ba. Goggo ta tashi da safe ta tarar da fuskar wayar ta yi fari fat. Na hau keke na kai ta layin masu gyaran waya a kasuwa. Mai gyaran ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai.

"Hajiya, this one don tire. Ko asibitin ƙwararru aka kai shi ba zai tashi ba."

Maigidana mutum ne mai son kyautata wa Goggo, kuma ya daɗe yana jin kunyar a ce 'ya'yansa na riƙe da manyan wayoyi, ita tana fama da mai roba. Sai ya sayo mata babbar waya sabuwa, irin mai gilashin nan. Aka yanke layinta ya zama ɗan mitsitsi don ya shiga. Ya kawo mata cikin kwali yana murna.

Ta juya ta gaba da baya, ta bi gefenta da yatsa.

"Ina wurin dannawa?"

"Babu, Goggo. Ai yanzu an daina yayin madannai."

"Wa ya daina?"

Yara suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta sa wa maigidana albarka sosai. Amma da ya fita sai ta ce mini a hankali, da irin Hausarta, "Amarya, wayan nan bai da fuska. Ban san ta ina zan kama shi ba."

Ni na ɗauki nauyin koya mata. Idan kira ya shigo, da'ira biyu ke fitowa, kore da ja. Wannan bai yi mata wuya ba, ta san kore. Matsalar ita ce dannawa ba ta isa, sai an ɗora yatsa a kan koren an ja shi gefe. Goggo kuwa dannawa ta iya. Sai ta danna, ta ƙara dannawa da ƙarfi har farcenta ya yi fari, wayar na ta kuka a hannunta. Ga shi yatsunta sun bushe, wani lokaci gilashin ba ya jin su sam. Idan kuma ta fito daga alwala da damshi a hannu, sai wayar ta haukace ta buɗe abin da ba a tambaye ta ba. Sau da yawa mun tarar ta ɗauki hoton silin, ko na haɓarta.

Kullum idan na ɗora tukunya sai in kira ta daga kicin. Ina jin ƙarar daga ɗakinta, ina ƙirga ta a raina, ina cewa ya Allah ka sa ta kama. Da farko sai kiran ya katse. Daga baya sai in ji numfashinta a kunnena.

"Amarya, ke ne?"

"Ni ce, Goggo."

"To me kike so? Albasa yana ƙonewa, ina ji daga nan."

Ranar da ta ɗauka sau uku a jere ba kuskure, har Madam sai da ta leƙo ta katanga ta yi mata tafi. Hankalina ya kwanta. Na ce to, an wuce wurin.

Ban san wayoyin nan ba sa zama yadda aka saye su ba. Wata safiya muka tashi muka tarar ta Goggo ta sabunta kanta. Ba wanda ya ce ta yi, ba ta kuma tambayi kowa ba, ko kuwa ta tambaya da Turanci Goggo ta taɓa wani wuri. Komai ya canza kama. Launuka sun koɗe kamar atamfar da ta sha rana, rubutu ya sirance, hotunan da muka saba da su sun zama wasu 'yan zane-zane masu kama da juna. Ni da na yi sakandare sai da na yi ta laluben inda aka kai wurin saƙo. 'Yata ta karɓa ta duba ta ce, "Mama, ai ya fi kyau haka. Yanzu abin da ake yayi ke nan, a rage tarkace a fuskar waya."

Maigidana ya gwada kiran layin yana tsaye a bakin ƙofa, zai tafi aiki. Kore da ja sun tafi. Da'ira ɗaya ce fara a tsakiya tana ɗan tsalle, da wani siririn rubutu a samanta da ƙasanta. Ya ɗauka da yatsa ɗaya cikin sauri, irin yadda wanda ya saba yake yi ba tare da ya lura da abin da hannunsa ya yi ba.

"Ai ma ya fi sauƙi, Goggo. Yanzu shafawa kawai za ki yi."

"Shafawa?"

"Shafawa kawai."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka sauke wa kaya. Wannan kalma ta san ta. Na ce mata idan na gama aikin rana za mu zauna mu gwada, ta ce babu damuwa, shafa ai ba sai an koya wa Musulmi ba.

Bayan azahar ina tsugune a tsakar gida ina gyaran kifi, hannuna duk ƙaya da ƙarni. Ƙofar Goggo a buɗe take, ina hango ta a kan sallaya tana jan carbi, wayar na gefenta. Sai ta yi ƙara. Na ɗaga kai. Na ga ta ajiye carbin, ta ɗauki wayar a tafin hagu, ta yi bisimilla. Sannan ta ɗora yatsun damanta a kan gilashin ta shafo daga sama zuwa ƙasa, a natse, yadda take shafa fuskarta idan an gama addu'a.

Ƙarar ta tsaya. Ta kai wayar kunne.

"Salamu alaikum. Salamu alaikum?"

Ta sauke ta dube ta. Ni ma a lokacin ban gane abin da ya faru ba, na ɗauka sabis ne. Sai wayar ta sake yin ƙara. Na miƙe ina neman inda zan goge hannu, ina cewa Goggo tsaya, Goggo bari in zo. Ba ta ji ni ba, ko kuma ba ta iya jira ba. Ta sake shafowa ƙasa, wannan karon da duka tafin hannunta.

Da na iso na karɓa da gefen zani. Lambar ba irin tamu ba ce, doguwa ce, ta ƙetare. Na kira layin da wayata don in ga abin da ke fitowa, na kawo gilashin kusa da idona na karanta siririn rubutun. Sama ɗauka, ƙasa ƙin ɗauka.

Muka zauna muna jiran kira na uku. Kifi na tsakar gida, ƙudaje sun rufe shi. Bai zo ba.

Na rasa yadda ake bin kiran ƙetare, kuɗin wayata ma bai isa ba. Na aika aka kira Madam, ta zo da tata, ta ce lambar Kamaru ce. Muka yi ta gwadawa, sai wata mata ta yi ta magana da Faransanci. Sai wajen la'asar wani mutum ya ɗauka, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa. Ba ya jin Hausa sosai, sai na miƙa wa Goggo suka yi Fillanci, ni ina tsintar abin da zan iya.

Mai shago ne a wani gari na kan iyaka, mutane kan biya shi su yi kira da wayarsa. Ya ce e, wani mutum ya zo ɗazu. Bai zo da takarda ba, daga kansa ya karanto lambar. Ya kira sau biyu. Goggo ta tambaye shi kamanninsa. Ya ce mutum ne dai, dogo, da hula, ranar kasuwa ce, ba ya kallon fuskar kowa. Ya tambayi sunan wanda muke nema. Na ga bakin Goggo ya motsa, ya sake motsawa, sunan bai fito ba. Ni na karɓi wayar na faɗa masa. Ya ce bai tambayi mutumin suna ba.

Goggo ta sake karɓa ta ce, da zai tafi bai ce komai ba?

Mai shagon ya ce ya yi magana ɗaya. Mutumin ya ce an katse.

Maigidana ya dawo ya ji, ya zauna a bakin rijiya ya riƙe kai. Ya ce wataƙila ɓatan lamba ne, mutane nawa ke kuskuren lamba a rana. Madam ma ta ce haka. Ni ma na faɗa, don babu abin da zan iya faɗa bayan wannan. Kuma gaskiya ce, ba mu sani ba. Har yau ba mu sani ba. Wani ƙanen maigidana ya yi tafiya har garin, ya kwana biyu yana zaga kasuwa da hoto a hannu, ya dawo da gajiya kawai. Mun roƙi mai shagon idan mutumin ya sake zuwa ya riƙe shi. Ya yi alkawari, kuma na yarda da shi, don duk ranar kasuwarsu idan na kira yakan ɗauka ya ce a gaida Dada, wato Goggo. Bayan wasu watanni layinsa ya daina shiga.

Washegarin abin na koma wurin mai gyara da babbar wayar. Ya saurare ni, ya shiga wani wuri a cikinta, daga nan ya shiga wani, ya sake shiga wani, ya nuna mini. Ashe akwai yadda ake sa ta ɗauki kira da madannin ƙara murya na gefe. Akwai ma yadda ake mayar da rubutu manya. Duk suna nan, an binne su a ƙarƙashin wata kalmar Turanci da ban taɓa zaton ta shafe mu ba. Na tsaya ina kallon wurin. Na ce masa ya bar shi, ya ba ni ƙarama mai madannai. Ya nemo wani ɗan farantin roba ya ɗora yankakken layin a kai don ya zauna.

A keke ina dawowa na yi ta tunanin mutanen da ke zana waɗannan abubuwa. Ban ɗauke su mugaye ba. Na san a wurinsu sun gyara ne, sun ga da'ira biyu sun yi yawa, ɗaya ta fi kyan gani. Ina dai so in san ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa riƙe hannu irin na Goggo, ko ya san akwai wadda ke jiran kira ɗaya tak shekara da shekaru. Ban san inda suke ba, ban san wa ake kai wa ƙara ba. Tawa wayar ma tun daga lokacin ta canza fuska ban san adadi ba, kowane karo sai in bi ta a haka.

Goggo ta karɓi ƙaramar wayar, yatsanta ya tafi hagu a sama da kansa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta kuma taɓa cewa laifin wane ne ba. Da maigidana ya durƙusa zai ba ta haƙuri sai ta ce ya tashi, abin da Allah ya rubuta ne. Ta ci gaba da azuminta na Litinin da Alhamis. Abincinta ne dai ya ragu, kuma ta daina zuwa barandar Madam, don wannan wayar takan yi kwanaki ba ta nemi caji ba.

Babbar wayar ta daɗe cikin kwalinta a saman kwaba, sai 'yata ta sa mata wani layi tana amfani da ita a gida. Wata ranar Juma'a da hantsi, gida ba kowa sai mu biyu, Goggo ta kira ni ɗakinta.

"Amarya, idan mutum ya kira ba a ɗauka ba, da idan an shafa masa ƙasa, abu ɗaya yake ji?"

Na so in ce e. Na buɗe baki, sai na tuna wadda nake magana da ita, da ranar da muke ciki.

"Ba ɗaya ba ne, Goggo."

"Yana gane da mutum a wurin?"

"Yana iya ganewa."

Can ta ce in ɗauko babbar wayar. Na ɗauko. Ta miƙo mini ƙaramar ta ce in sa lambar babbar in kira, na yi, ta karɓa ta kai kunne. Babbar ta fara ƙara a hannuna, farar da'irar na tsalle.

"Yi yadda na yi," in ji ta.

"Goggo, don Allah."

"Yi, 'yar nan. Ina so in ji."

Na ɗora yatsa na ja ƙasa.

Ɗakin shiru ne, har ni ina jin abin da ke fita daga ƙaramar wayar. Ƙarar shiga ta yanke a tsakiya, sai wani ɗan sauti gajere mai sauri ya biyo baya, ya maimaita kansa, sannan ya ɗauke. Goggo ba ta sauke wayar daga kunnenta ba ko bayan ya ɗauke. Idonta na kan tabarma.

"Ashe haka ya ji," ta ce. "Har sau biyu."

Na zauna kusa da ita a ƙasa. Na kama ƙafarta ina matsa mata, ita kuma ta bar ni.